Dutsen Bayan Taya

Litinin, 8 ga Satumba, bayan la'asar

A ƙofar asibiti Mushe, maigidana, ya miƙo min makullin mota. Ya zagaya a hankali ya zauna a kujerar da na saba zama shekara goma sha tara. Na tsaya da makulli a hannu kamar an ba ni riƙon jaririn wata. Na ce, "Mushe, ni?" Ya ce, "Ke ce mai permi, Zuwaira. Nawa likita ya karɓe yanzun nan, da baki."

Permin nan, takardar izinin tuƙi, bara na samo shi, don Raudatu, 'yarmu da ke karatu a Yamai, ta hana ni sakat a waya. Ranar da aka ba ni na cusa shi ƙarƙashin zannuwa, ban sake taɓa mota ba. Ni tela ce, ƙafata keken ɗinki ta sani. Daga asibiti zuwa gidanmu a Kara-Kara motar ta mutu min sau huɗu. A karfur ɗin kasuwa, inda hanyoyi suka haɗu, wani ɗan kabu-kabu ya ce in koma madafa. Na leƙo na ce ya zo in dafa shi. Mushe ya yi dariya, rabin bakinsa ne kawai ya yi ta.

Babbar ambulan ɗin takardun da suka ba mu a asibiti na ɗora ta kan almari. An rubuta Tahiru Sallau a bayanta. Na daɗe ina kallon sunan. Tsofaffin ɗalibansa na lakwal, makarantar boko, Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci, ni ma haka, yara su ce Baba, ƙannensa su ce Yaya. Takardun gwamnati ne kaɗai ke kiransa da sunansa.

Wannan littafin ragowar na ɗalibansa ne. Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa.

Talata, 9 ga Satumba, da hantsi

Na hana a ce mota ta mutu a gidan nan. A ce ta tsaya.

Laraba, 10 ga Satumba, bayan azahar

An ba mu randebu, ranar ganin likita, a Yamai. Za mu hau kar, babbar motar fasinja, ranar Lahadi, biyar ga Oktoba. Ban tambayi likita yaushe za mu dawo ba, shi ma bai faɗa ba.

Ina gyara wuyan rigar wata, ya zo ya zauna kusa da keke ya ce, "Asabar fa?"

Na san za a zo nan. Tun da ya sayi motar, duk Asabar ta duniya sai ya je Dutsin Kanya, ƙauyensu da ke ƙasar Zermu, ya gai da Inna, mahaifiyarsa. Gidan yana can kan tudu, tsakanin manyan duwatsu, hanya ɗaya ce ke hawa, ga tsayi ga kwana a tsakiya. Shi ne ɗan fari a wurinta, kuma Inna mutuniyar da ce. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta tambayarsa ya jiki. In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ni take yi wa hira da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi, ta ce, "Mutumin naki ya rame, ba kya ba shi abinci ne?" yana zaune a gabanta.

Abu ɗaya take yi masa. Ƙofar gidan gangara ce, saboda haka tana da wani dutse mai kamar kan tulu da take ajiye a zaure. Da mun tsaya za ta fito da shi ta sa a bayan taya. In za mu tafi, sai ya tada mota ya ja gaba, ita kuma tana sunkuye a gefen tayar, bakinta na motsi, ta ɗauke dutsenta. Habu, ƙaninsa da ke zaune da ita, ya taɓa ɗaukar dutsen don ya hutar da ita, ta yi kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Na ce mu ɗauki direba. Ya ce a'a, ranar da aka ga wani ƙato ya kawo shi, ƙauye duk ya sani. Na ce mu bar motar a ƙasa mu taka. Ya kalli ƙafarsa ta dama, ni ma na kalle ta.

Ya ce, "In ke kika tuƙa, sai in ce Madam nake koya wa mota. Kowa ya yi dariya, shi ke nan. Ina so in gan ta kafin mu tafi, Zuwaira. Kuma ba na so ta gan ni ana riƙe da ni."

Asabar huɗu suka rage. Ni da ko ƙofar gidanmu ban iya shiga da baya ba.

Asabar, 13 ga Satumba, ƙarfe goma na safe

Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da hula kamar kullum, ya zauna a tsakar gida. Ya san ba za mu je ba, jikinsa ne bai sani ba. Habu ya kira, na ɗauka na ce mota tana garaji. Ƙaryar ta fito min sumul, har na ji tsoron kaina.

Habu ya ce Inna ta ce a gaya wa Zuwaira gero ya nuna, ta zo ta ci tumu kafin ya bushe. Zuwaira kawai ta ce. Mushe yana ji.

Lahadi, 14 ga Satumba, kafin magariba

Mirriya. Ya ce a fara da shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma yau ce kasuwarsu. Ni kaɗai na san irin zufar da na yi. Duk babbar motar da ta taho sai in sauka gefen gudiron, wato kwalta, in ba ta hanya duka, har da gaisuwa. Amalanken shanu ma sai da muka yi tafiya tare na ɗan lokaci. Mushe ya ce in na ci gaba haka za mu iske kasuwar mako mai zuwa.

Amma na kai mu. Na tsaya ƙarƙashin wata tsamiya nesa da mutane, don ban iya shiga tsakanin motoci biyu ba. Na sayo rake da ɗanyar gyaɗa. Ni na fere masa raken, ya karɓa da hagu.

A nan ya fito da wata takarda daga aljihu. Wai wuraren da ya yi min alkawari tun muna amare bai kai ni ba: lambunan Mirriya, tabkin Dogo, dabinon Gidimuni. Na ce, "Shekara ashirin da shida kana da ƙafa, sha tara kana da mota, sai yanzu da ni ce direba ka tuna?" Ya ce ai da ba shi da direba mai kyau. Tsoho da shi, ko kunya.

Rubutun takardar ya karkace, ba irin wanda yake yi a allo ba. Na ninke ta na sa a jakata.

A hanyar dawowa mota ta tsaya sau ɗaya kawai.

Talata, 16 ga Satumba, bayan la'asar

Akwai wani ɗan hawa bayan unguwarmu, wajen duwatsu, inda mata ke shanya wanki. Nan muka je. Dokar Mushe: in hau zuwa tsakiya, in tsaya cak, in ja birkin hannu, sannan in tashi ba tare da motar ta koma baya ba. Wai a kwanar Dutsin Kanya dole a tsaya, don ba a ganin mai saukowa.

Ƙafar hagu a kan ambirayaj, wato kuloci, ta dama a kan wuta, hannu a kan birki, ido a gaba, kunne a kan inji. Ni mutum ɗaya. In na saki ambirayaj da sauri motar ta yi tsalle ta tsaya, in na yi jinkiri ta sulale baya. Sau goma sha ɗaya. A na ƙarshe saura kaɗan in taka wa wata baiwar Allah zanen gadonta.

Ya ɗaga min murya. "Saurara mana! Injin yana gaya miki, ba kya ji?" Na ce ni ba ɗalibarsa ba ce, in ya iya ya zo ya karɓa.

Na faɗa. Ya fita daga bakina kafin in kama shi.

Ya juya yana kallon taga. Na juya mota muka dawo gida.

Laraba, 17 ga Satumba, da safe

Kofin shayi ya sake faɗuwa daga hannunsa. Na ce ni na ajiye shi a bakin tebur.

Laraba, bayan azahar

Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Na me?" Na fi son ya yi faɗa.

Alhamis, 18 ga Satumba, da yamma

Na je wajen Mala, wanda ya koya min tuƙi bara, wai ko zai ƙara min darasin hawa. Ya ce ba shi da wuri sai wata mai zuwa. Ya tambaye ni Mushe, na ce lafiya lau, yana gaishe ka. Bakina ya saba.

Da na dawo na hau keke ina ɗinka wani yadi mai santsi, irin wanda in ka taka da ƙarfi ya tattare. Mushe yana kwance a tabarma yana kallon ƙafata. Can ya ce, "Tsaya. Sake farawa." Na sake. Ya ce, "Kin ga yadda kike taɓa feda kafin allura ta sauka? Kina jin inda ta kama, ki ɗan dakata, sannan ki tafi. To shi ne ambirayaj. Kin iya tun kafin in aure ki."

Na ce ai da ya faɗi haka tun shekaranjiya da bai sha baƙar magana ba. Ya ce malami ma yakan makara.

Na yi ta farawa ina tsayawa a kan yadin mutane har layin ya yi kamar sawun kaza. Sai na farke gobe.

Asabar, 20 ga Satumba, bayan magariba

Asabar ta biyu. Na ce wa Habu ba a samo kayan gyaran ba. Ya ce, "To, Allah ya sa a samu."

Don kada Mushe ya wuni da hula a tsakar gida na ce ya tashi mu je Dogo. Hanyar ta yi min daɗi, gero ta ko'ina ya sunkuyar da kai, mutane sun fara yanka. Na kai bitas, giyar mota, ta huɗu yau, karo na farko. Na ji motar ta yi sauƙi a hannuna har na fara waƙa, ya ce in bar waƙa in riƙe hanya.

Tabkin ya cika, bado ya rufe gefensa. Na shimfiɗa darduma, muka ci dambun da na ɗauro. Ya nuna wani farin tsuntsu a bakin ruwa zai gaya min sunansa, sai sunan ya ƙi zuwa. Mutumin da ya koya wa rabin Kara-Kara karatu. Ya yi ta murza yatsu. Na san balbela ce, kowane yaro ya sani. Na ce, "Ni ma ya ɓace min." Ya dube ni ya ce, "Maƙaryaciya." Ya kama hannuna da hagunsa ya riƙe, a fili, masu wanki suna gani. Ban ƙwace ba.

Ina son mutumin nan. Ban taɓa rubuta shi ba, ban cika faɗa ba, to ga shi na rubuta.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Hawan bayan unguwa: sau goma, na tashi lafiya sau huɗu. Masu wanki yanzu suna kwashe kayansu da sun hango mu, wata har tafi take min.

Raudatu ta kira ta ce ta samo mana ɗaki kusa da asibitin. Ta fara tambayar abin da ke cikin ambulan, na ce miyata na ƙonewa. Na lura ina kiran sunanta sau goma a waya ɗaya, ita ma 'yar fari ce. Inna takan toshe baki in ta ji ni.

Alhamis, 25 ga Satumba

Shida cikin goma. Bai ci abincin rana ba.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Mun je. Ba mu kai ba.

Har gindin tudun na kai mu lafiya, gudiron da jar hanya duka. Ashe ruwan bana ya cinye hawan. Daidai kwanar nan ya yanka rami a tsakiya, ga tsakuwa tana zamewa. Na hau da bitas ta ɗaya kamar yadda ya ce, na tsaya a kwana, na ja birkin hannu. Da na zo tashi taya ta faɗa ramin ta yi ta juyawa a banza, motar ta tsaya. Na sake. Ta sulale baya, na ji dutse ya daki ƙarƙashinta. Na sake, wari ya tashi kamar an ƙona roba.

Daga nan ana hango kan kanyar ƙofar gidansu. Tafiyar minti biyar ce ga mai ƙafa.

Mushe ya buɗe ƙofa ya sauke ƙafa ɗaya. Ya daɗe a haka yana kallon hawan. Sannan ya mayar da ita ya rufe ƙofar ya ce, "Mu koma. A hankali, da baya, ina duba miki."

Wata mata da tulu a ka ta tsaya can sama tana kallonmu. Ban san ko ta gane motar ba. Wa zai kasa gane ta, mota ɗaya ce ke hawa nan duk Asabar.

Sai da muka hau gudiron na tsaya a gefe na kifa kai a kan bolan, sitiyarin motar, na yi kuka mai isata. Yana ta cewa, "Ba laifinki ba ne, hanya ce." Na ce ya yi min shiru. Ya yi.

Lahadi, 28 ga Satumba

Saura Asabar ɗaya.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan azahar

Na ce masa mu gaya wa Habu gaskiya, ya sauko da amalanke ya hau da shi. Ya ce, "A kwance kamar buhun gero, a gabanta?" Na ce to in na sake kasawa fa? Ya ce, "Sai in tafi ban gan ta ba." Ya faɗa kamar yana faɗin farashin goro. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na zage shi a zuci, shi da taurin kansa, da ita da tata kunyar. Uwa da ɗa, kowa yana ɓoye wa kowa, ni ce a tsakiya da ambirayaj.

Da la'asar na ɗauki mota ni kaɗai na tafi hawan. Na zuba tsakuwa da hannuna a inda nake tsayawa. Masu wanki sun ɗauka na zare.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Tara cikin goma, a kan tsakuwa. Ta goman ma akuya ce ta gifta.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Ina haɗa kaya Habu ya kira. Bai tambayi garaji ba. Ya ce, "Yaya Zuwaira, ni dai na gaji. Kwana huɗu Inna ta sa mu a gaba, ni da maƙwabta, muna cike ramin kwana da duwatsu da jar ƙasa. Ita da kanta take ɗebo tsakuwa a ƙwarya. Wai jakuna suna wahala." Na ce Allah sarki, jakuna. Ya ce, "Tun da nake ban taɓa ganin ta ji tausayin jaki ba."

Sannan ya ce, "Kuna tafe jibi?" Na ce in Allah ya so.

Ban gaya wa Mushe ba. Na sa masa riguna biyar a jaka, na cire biyu, na mayar, na ƙara ɗaya. Ban san na kwana nawa ake haɗawa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ya sa farar rigar. Ni na ɓalla masa maɓallin wuya. Bismillah.

Asabar, bayan magariba

Bari in rubuta shi a jere kafin ya tarwatse min.

An cike ramin, an daddaɓe shi kamar daɓen ɗaki. Mushe ya gani, ya dube ni, na ce ido a gaba, kai ka koya min. Na tsaya a kwana, na ja birkin hannu. Na ɗaga ƙafar hagu a hankali har na ji inda ta kama, injin ya sauya murya, na dakata, na ƙara wuta, na saki birki. Muka hau. Ko taki ɗaya ba ta koma baya ba. Ban san ina salati da ƙarfi ba sai da ya ce, "Ya isa, mun iso."

Kafin in kashe mota Inna ta fito da dutsenta a hannu biyu, ta sa a bayan taya, ta dafa shi da ƙafa. Ta zagayo wajena, ba wajensa ba, ta ce da ƙarfinta, "Zuwaira, ke ce da tuƙi yau?" Na ce, "Koya min yake, Inna." Ta ce, "Ya kyauta." Ta juya ta shige gida ba ta waiwayo ba, ta daɗe a ciki, har ya gama fitowa daga mota ya dafa bango ya kai zaure ya zauna. Sai a lokacin ta fito. An riga an shimfiɗa tabarma a zaure, ita da kullum sai mun shiga har ƙofar ɗakinta.

Ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Ya ce za mu je Yamai ganin Raudatu, wataƙila mu ɗan jima. Ta ce da ni, "Ku gai da ita." Ta kawo tumun da ta ɓoye min, ya riga ya bushe, na ci haka nan. Ta kawo fura a ƙwarya, ta ajiye ludayin ta gefen hagunsa. Ba wanda ya gaya mata. Na sunkuyar da kai ina ta tauna tumu.

Da rana ta yi sanyi ya ce, "Inna, za mu koma. A yafe mana." Ta ce wa bango, "Ba abin yafewa. Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Na ji haushi. Makonni huɗu ina ƙona ƙafata don wannan kalma biyu.

Muka shiga mota. Motar tana fuskantar sama, sai an ja gaba zuwa gindin kanya a juyo. Gilasai duk a sauke saboda zafi. Na tada inji, na ga Inna a madubi ta sunkuya gefen taya, bakinta ya fara motsi kamar kullum. Shekara goma sha tara ina ganin haka, na ɗauka tasbihi take. Idona ya cika da ruwa, ban ga komai sosai ba, ga Habu da maƙwabta suna kallon Madam direba. Na taka wuta da yawa, motar ta yi ruri, na saki ambirayaj gaba ɗaya. Ta yi tsalle ta tsaya. Dutsen ya riƙe ta.

Wurin ya yi tsit. Inna kuwa kunnenta bai gaya mata injin ya ɗauke ba. Muryarta ta fito sarai, da ƙarfin da take magana:

"...ka tsare min Tahiru. Ka kai min Tahiru lafiya, ka dawo min da shi. Ya Allah, Tahiru na hannunka, yarona ne, ban da..."

Sai ta ji shirun. Ta tsaya a sunkuye, hannunta a kan dutsen. Habu ya juya baya yana kallon kanya. Maƙwabta kowa ya sami abin dubawa a ƙasa.

Ban kalli Mushe ba, na ji numfashinsa kawai. Shekararsa hamsin da takwas.

Na ɗauka za ta gudu cikin gida. Ba ta gudu ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ƙarasa a hankali, "Amin." Sannan ta ɗaga murya ta ce, "Zuwaira, wace irin koyo ce wannan? Tada mana, bayana ya gaji."

Na tada. Na tashi lafiya lau, ko girgiza babu. A madubi na gan ta tsaye da dutsen a ƙirji. Da muka juyo daga gindin kanya muka wuce ta gabanta, ya ɗaga hannun hagu. Bango take kallo, amma ta ɗaga nata.

Muka kai Mirriya. A nan ya ce, "Duk Asabar?" Na ce, "Duk Asabar. Ina ganin bakinta." Ya ce, "Ni kuwa ina ta taka wuta don kada in wahalar da ita a sunkuye."

Na ce ya ga amfanin direban da bai iya ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe, cikin kar

Na rufe motar da tsofaffin zannuwan gado. Tsakar gidanmu a shimfiɗe take, amma na sa mata dutse a bayan taya. Ambulan tana cikin jakata tare da takardarsa. Saura Gidimuni ba mu je ba, na ce masa ban yafe ba, sai ya kai ni, ko ni in kai shi.

Mun wuce Takeita. Ɗazu ya jingo kansa ya ce, "Zuwaira, kaina yana zubar da abubuwa. In wannan ya zube, ki riƙa maimaita min yadda Inna ta ce." Na ce to. Ya ce, "Fara yanzu."

Na duba, na kusa da mu barci suke. Shekara ashirin da shida ban taɓa faɗin sunan nan a gabansa ba. Na matso kusa da kunnensa na faɗa masa duka, tun daga farko, yadda ta faɗa, sau ukun nan.

Ya yi barci yanzu. Kar ɗin yana girgiza, rubutuna ya fara kama da nasa. Zan ajiye alƙalami in riƙe masa kai.